Sassaben Gonar Baba

Tun ina yaro nake jin ana cewa gwamnati za ta taimaki manoma. Ga shi furfura ta fara fito mini a gemu, har yau taimakon yana kan hanya. Ban ce ba a taɓa kawo komai ba, ana kawowa. Takin rance yakan iso bayan gero ya fitar da kai, iri yakan zo bayan kowa ya gama noman farko. Dashen itatuwa kuwa biki ne na yini ɗaya: a kafa rumfa, babban baƙo ya tattare riga ya durƙusa ya dasa ɗan tsiro, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto, a watse. Kafin la'asar awakin unguwa sun yi walima da shi. Na ga irin wannan har na daina jin haushi, gajiya kawai nake ji.

Shi ya sa ranar da Baba ya dawo daga masallacin Juma'a ya ce mini an zo da sabon shiri, ban ko gyara zama ba. Ni malamin firamare ne, ni kaɗai kuma ke da babur a gidanmu na Ƙofar Durbi, saboda haka duk wani shiri na gwamnati a bayan babur ɗina yake ƙarewa.

Baba tela ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa, noma zai ce maka. Gonar gado ce daga kakanmu, tana bayan gari. A da sai ka yi tafiya sosai bayan ka fita ƙofa kafin ka ganta, yanzu kuwa gari ya bi ta har gida. Gabas fuloti, kudu fuloti, ko'ina ka duba tarin bulo ne da yashi. Ita kanta gonar ta gaji. Ƙasar ta koma farin rairayi, in iskar farkon damina ta taso sai ta binne shuka tun tana ganye biyu, a sake shukawa, a sake binnewa. Gonar da muka taso muna jin ana cika rumbu da ita ta koma sai dai a ɗauko damman a amalanke ɗaya.

Yaya, babban wanmu, ya daɗe yana cewa a yanka ta fuloti a sayar. Ba zan zalunce shi ba, yana da gaskiyarsa. Gida ya yi mana kaɗan, soron Inna yana yoyo, ƙannenmu suna makaranta, duk kuma a wuyansa abin yake da ɗan shagonsa na kayan masarufi. Ba ya iya kallon idon Baba ya faɗa, sai dai ya bi ta wajen Inna, Inna ta jira sai Baba ya ci ya ƙoshi ta saka maganar. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya nemi a miƙo masa buta.

Malamin gonan da ya zo da sabon shirin saurayi ne siriri, babur ɗinsa ya fi nawa tsufa. Mun same shi a gonar wani maƙwabci ya tara dattawa a inuwa. Na tsaya daga baya na harɗe hannu, ina jiran in ji inda za a ce a kawo hoto. Sai na ji ya ce shi ba tsiro ko ɗaya ya kawo ba. Ya ce itatuwan da ake nema suna nan a gonakinsu, a ƙarƙashin ƙasa. Duk kututturen kalgo da sabara da aduwa da gawo da suke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, saiwarsa tana raye, shi ya sa yake sake toho. Abin da ake so kawai, a daina aske shi tas. A zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a bari, a sare sauran. Shi zai zo ya zagaya wa kowane reshe jan fenti. Wanda ya riƙe itatuwansa damina biyu, a bakin ta uku za a zo a gani, a ba shi rancen taki da iri da shanun huɗa da garma, ya biya sannu a hankali bayan girbi.

Wani dattijo ya ce, "Wato dai mu bar gona ta koma daji, a ba mu bashi."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. A hanyarmu ta dawowa, yana bayan babur, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ɗan boko, yaron ga ya hwaɗi gaskiya. Da sabon gini gara yaɓe."

A daren aka yi maganar da ta ɗaure kowa. Baba ya kira Yaya da kansa, a gaban Inna da ni, ya ce masa ya san abin da ke ransa. Ya ce a ba shi lokacin da shirin ya ɗiba. In an zo an gani an ba da rancen, to gona ta tsaya, ba mai sake tayar da zancen. In ba a bayar ba, shi da hannunsa zai kira mai awon fili. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce, Baba."

Sai wanda ya taso cikin manoma zai gane abin da Baba ya ɗauka wa kansa. A wurinmu mutuncin manomi yana ga tsabtar gonarsa. In bazara ta yi, ka sassabe, ka tara, ka ƙone, gona ta fito fes kamar tafin hannu, duk mai wucewa ya san akwai namiji a nan. Gonar da aka ga toho ya yi tsayi a cikinta, ko mai ita rago ne, ko ba shi da lafiya, ko ya mutu magada suna rigima. Baba kuwa shekara da shekaru da gonarsa ake ba da misali. Bazarar farko da ya bar rassan nan tsaye, maƙwabta suka fara yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa mai jinya. Wani abokin wasansa ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Malam, in adda ce ta ɓata, akwai tawa." Baba ya yi murmushi, amma na ga abin ya taɓa shi. Tun daga nan ya hana a yi zancen itatuwan a unguwa. Ya ce sai abu ya nuna ake kiran mutane su gani.

Ni kuwa rabona shi ne ofis. Na ɗauka ba za a ce a kawo hoto ba, ashe ranar ce ba ta zo ba. Muka kai hoto, aka ce bayansa fari ake so ba ja ba. Muka buɗe asusu a banki. Aka kira mu dangwala yatsa, na'urar ta ƙi karɓar babban yatsan Baba, don allura da ƙotar fartanya sun shafe zanen tun da daɗewa. Yarinyar da ke wurin ta sa ya goga a goshi, ya goga a riga, ya hura masa iska, har ya gaji ya ce mata, "Ɗiyata, shi ke nan guda da Allah ya ba ni, ban da wani a gida." A tsakiyar tafiya aka sauya wa shirin suna, aka kafa sabon allo a bakin ofis, aka ce duk a sake daga farko. Na san bencin barandar nan fiye da kujerar ajina. Na san mai sayar da gyaɗa a ƙofar, na san lokacin da masinja ke cewa oga ya fita taro, na san a dawo ranar Litinin ba ta nufin komai. Wani lokaci ina zaune ina kallon Baba a gefena, da hularsa ta zuwa Idi, yana jan carbi cikin natsuwa, sai in ji kamar in tashi in kifar da bencin. Ba na tashi. Sai in sayo mana gyaɗa.

Abin da ya hana ni yin zuciya shi ne itatuwan ba su san da ofis ba. Girma kawai suke yi. Reshen da aka bari shi kaɗai a kan tsohuwar saiwa gudu yake kamar ana jan shi. A damina ta biyu iska ta taso yadda ta saba, ta binne shukar maƙwabtanmu, tamu ta tsaya, sai ɗan gefen gabas da ya sha rairayi. Ganyen da ya zuba ya ruɓe, ƙasar gindin kowane itace ta fara yin duhu, geron wurin ya fi na fili kauri. Ba wata cika rumbu aka yi ba, kada in yi ƙarya, amma a shekarar amalanke sau biyu ya yi sawu. Abokin wasan nan mai adda ya daina magana.

Da rani ma Baba bai huta ba. Itacen girki ya yi tsada a birni, duk wanda ya ga sanda tsaye a fili sai ya ga tukunyarsa. Ga awaki, ga masu kiwo. Kullum bayan la'asar sai ya rufe shago ya sa ni in kai shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kakkaɓe wannan, ya rage wa wancan reshe, ya kewaye ƙananan da ƙaya. Wasu sun kai kafaɗarsa, wasu sun wuce kansa. Na taɓa jin yana yi wa wata 'yar aduwa faɗa don ta karkace. Da ya ga na ji, sai ya yi tari ya ce mu tafi magariba ta yi.

A cikin waɗannan shekarun ne baƙi suka cika unguwarmu. Mutanen ƙauyukan yamma ne da 'yan bindiga suka tasa, suka baro gonaki da rumbuna suka shigo birni da abin da kai zai iya ɗauka. Wani ayari ya sauka a bakin masallacinmu, Baba ya buɗe musu zaure suka kwana a ciki har suka sami wani kango suka koma. Ya sa Inna ta auna musu gero daga ɗan abin da muke da shi. Babbansu wani dattijo ne dogo mai faɗin kafaɗa, wanda aka ce shi ne sarkin noman garinsu. A birni kurar ruwa yake turawa, in an sami aikin gini ya yi lebura. Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Sarkin Noma, shi kuwa duk sanda aka kira shi haka sai ya kawar da kai ya ce, "Wane sarki, Malam, sarkin jarka dai." In hadari ya haɗu, zan gan su a bakin kango suna kallon gabas, hannuwa a baya, ba abin da za su shuka.

A farkon bazarar da za a zo ganin itatuwan, fitsari ya tsaya wa Baba. Aka kwantar da shi asibiti, aka yi masa aiki, muka dawo da shi gida ya rame ya yi haske, ba ya iya zuwa ko masallaci sai an riƙe shi. Malamin gona ya zo dubiya ya ce kada ya damu, ya leƙa gonar, komai lafiya, manyansa za su zo kafin ruwan shuka. Mutanen kango ma kullum suna zuwa gaisuwa, su zauna a zaure su yi addu'a su tashi. Ashe a cikinsu wani ya bi ta gonar a hanyar neman aiki, ya dawo ya ba da labarin abin da ya gani.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Ina zaure na miƙe ƙafa, zafi ya hana kowa motsi, sai na ji kiɗan jarka da waƙa suna tahowa daga bakin layi. Na leƙa. Mutanen kango ne, babba da yaro, sun yi futu-futu da ƙura da toka, kowa da adda ko gatari a kafaɗa. Suna turo amalanke da kurar ruwa shaƙe da itace, an ɗaure shi dami-dami da kyau. Tun da suka zo garin nan ban taɓa ganin haƙoransu a waje ba sai ranar. Dariya suke yi, suna tsokanar juna, wani tsoho har da ɗan taka rawa.

Suka fara saukewa a ƙofar gida. Inna ta leƙo daga soro, ta ga itace, ta fara sa albarka, don ita ta san kuɗinsa. Ni ma na buɗe baki zan yi godiya. Sai damin farko ya faɗi a gabana ya warware, na ga ɗanyen itace ne, kowace sanda da zoben jan fenti a jikinta.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Sarkin Noma ya matso yana share gumi, fuskarsa cike da fara'a, ya ce mini, "Malam ƙarami, mun yi wa Baba gayya. Ba mu hwaɗi ba, don mun san shi, hana mu za ya yi. Gonar mutum kamar wanga ta koma daji muna raye? Aradu ba a yi haka. Tun asuba munka shiga, ba mu hito ba sai da ta yi kamar an share da tsintsiya."

Na yi shirin gaya masa magana, kuma ba mai daɗi ba ce. Kafin ta fito na ji motsi a bayana. Baba ne, Yaya yana riƙe da shi, kiɗan ne ya fito da shi. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon tarin itacen. Ya daɗe yana kallo. Na ga hannunsa da ke kafaɗar Yaya ya matse rigar. Yaya ya dube ni, na dube shi.

"Duka kuka sare?" in ji Baba, a hankali.

"Duka, Malam," in ji Sarkin Noma. "Sai babban gawon nan na tsakiya, shi ba a taɓa shi. Mun ma ga ka shahwa masu ja, munka ce ashe ka yi niyyar sara ciwo ya riga ka. Alheri danƙo ne, Malam. Ranar da munka zo garin ga ba mu da kowa."

Baba ya sa aka zaunar da shi a kan tabarma. Ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, da kumburarrun tafukansu da ƙayar da ta yayyage musu ƙafa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, doguwa, irin wadda yake yi wa wanda ya yi masa babban abu. Ya roƙi Allah ya mayar da su garinsu lafiya, ya sa su sassabe nasu gonakin da hannunsu. A nan muryar Sarkin Noma ta karye wajen cewa amin. Da aka shafa, Baba ya juya ya ce wa Inna, "A ɗora masu tuwo. Ba a gayya da yunwa."

Bayan sun ci sun tafi, na shiga ɗakinsa ina huci. Na ce gobe zan je in gaya musu abin da suka yi, ko don kada su sake yi wa wani. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ya ce, "Ka hwaɗa masu su yi mi? Su mayar?" Ya ƙara da cewa, "Mutanen ga an raba su da komi. Abu guda ya rage masu da suka iya, shi suka kawo mani. Ka bar masu shi. Ban yarda ba, kai ko yayanka, ko bayan raina."

Da yamma na hau babur na tafi ni kaɗai. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ban taɓa ganin sassabe irinsa ba. Daga iyaka zuwa iyaka ba ko tsinke, an tara karmami an ƙone, tokar tana ɗan hayaƙi, gawon kakanmu yana tsaye shi kaɗai a tsakiya. Na zauna a gindinsa har aka kira magariba a sabon masallacin da aka gina cikin fulotan.

Manyan malamin gona suka zo tare da shi a farar mota, mutum biyu, ɗaya da na'urar ɗaukar hoto a hannu. Na riga na gaya wa malamin abin da ya faru, amma ji daban gani daban. Ya tsaya a bakin gonar ya cire hula ya riƙe. Ya ja su ya nuna musu kututturan, ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya ce saiwar tana raye, ga fentinsa a kan guntun da ya rage, shi shaida ne. Suka saurare shi, ba su yi wulaƙanci ba. Babban ya ce ya yarda, amma shi itace tsayayye aka aiko shi ya ɗauka, ba zai kai hoton fili ba. Ya ce in an sake buɗe shirin a sa sunan Baba a sahun farko. Na koma barandar nan na yi ta zarya har ruwa ya sauka, har aka yi noman farko, har ranar da na tarar an cire allon. Masinja ya ce wa'adin shirin ya cika, ana jiran wani.

Yaya ne ya ba ni mamaki. Ya sami Baba ya ce a bar zancen sayarwa, wannan ƙaddara ce, a ƙara shekara biyu tunda za su sake toho. Ina jin har ransa ya faɗa. Baba ya girgiza kai. Ya ce alkawari kaya ne, shi ya ɗauka ba wanda ya ɗora masa. Ya ce ya san abin da asibiti ya ci, ya san a wuyan Yaya kuɗin suka faɗa. Sannan ya dubi hannuwansa ya ce, "Kuma ban da wasu damina biyu na bin ƙaya a jikin ga." Bayan girbin shekarar ya aika aka kira mai awo, aka yanka gonar fuloti aka sayar.

Itacen kuwa ya bushe a bayan ɗakin girki, ya yi mana damina guda cur. Duk tuwon da muka ci a shekarar da shi aka tuƙa. Inna takan juya sandar ta sa gefen fentin cikin wuta tukuna, don kada ta riƙa ganinsa. Baba ya sa aka zaɓo masa wata miƙaƙƙiyar aduwa, ya fere ta da kansa ya yi sandar dogarawa, ya bar zoben jan a daidai inda hannu ke kamawa. An gyara soron Inna, an yi ɗakuna biyu a bayan gida. Ba wanda ya yi murna da ƙarfi.

Mutanen kango ba su koma garinsu ba har yau. Suna nan, kuma mun riƙe amanar Baba. Duk sanda zancen noma ya tashi a bakin masallaci sai wani cikinsu ya tuna ranar gayyar nan, fuskarsa ta washe, ya ce rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun suna gida. Ni sai in ce haka ne, in nemi takalmina.

Damina ta zagayo, masu fuloti suka fara gini, aka ɗebi lebura daga unguwarmu, har da Sarkin Noma. Wata ranar bayan la'asar ina zaure tare da Baba sai ga shi ya shigo, siminti har gira. Ya durƙusa suka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Ya ƙi tashi daga durƙuson. Ya ce akwai abin da ke damunsa.

"Malam, gahwara na zo nema. Ashe aikin da munka yi maka rannan bai yi ba."

Na ɗauka wani ya gaya masa. Baba ya ce, "Kamar yaya, Sarkin Noma?"

"Kututturan nan mana. Duk sun sake toho. Ko'ina munka ja igiya za mu haƙa tushen gini sai mun ci karo da su, wani har ta gindin bulo ya ɓullo. Mai ginin sai hwaɗa yake. Na ce a raina, wanga sakacinmu ne, sama-sama munka yi. Da mun tone su tun daga saiwa da ba a kai ga haka ba."

Baba ya juya sandarsa a hannu. Ya ce, "Sun yi toho?"

"Duka, Malam. Kore shar. Wasu sun kai gwiwa."

"Har na gehen gabas, wajen rairayin nan?"

"Su suka hi ma ƙarhi."

Baba ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Na ga wani abu ya gilma a fuskarsa kamar zai yi murmushi, bai kai ga yi ba. Ya ce, "Yanzu mi za a yi masu?"

"An ce gobe mu tone, a zuba baƙin mai a ramin. Wannan karon ba za su tashi ba, in Allah ya yarda. Na ce dai in zo ka yahe mana."

"Ba komi, Sarkin Noma," in ji Baba. "Na yahe. Allah ya ba da sa'ar aiki."

Dattijon ya tashi da sauƙin zuciya, ya yi sallama ya fita. Lokacin shigar Baba gida bai yi ba, yakan jira magariba a zaure, amma ya miƙo mini hannu ya ce in kai shi ɗaki. Na ɗago shi, na miƙa masa sandar. Ya ce in bar ta nan, kafaɗata ta isa.